An rage sitaci amma suga ya ƙi zama wuri ɗaya: gyaran yana allurar dare ko ta abinci?

Abu_Fadila:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga wani lissafi da nake so mu warware tare, don tambayar tana yawan dawowa. A ɗauki mai ciwon suga nau'i na ɗaya, nauyinsa kilo 68, yana yin Lantus, insulin mai dogon zango, yunit 22 da ƙarfe 10 na dare, da NovoRapid, insulin mai saurin aiki ta lokacin abinci, yunit 1 ga kowane giram 10 na kabohaidiret, wato sitaci da sukarin da ke cikin abinci. Da can yana cin kamar giram 250 a rana, tuwo da shinkafa da burodi. Yanzu ya sauko giram 50: ƙwai da safe, tsire ko kifi da kabeji da rana, miyar agushi da alayyahu da dare, ba tuwo. Mitar auna suga kuma, a ma'aunin mg/dL, kusan kullum haka take nunawa: lokacin kwanciya 130, ƙarfe 3 na dare 62, da asuba 120, ƙarfe 8 na safe 185 alhali bai sa komai a baki ba. Bayan abincin rana da awa ɗaya ya faɗo 68, da la'asar sakaliya ya haura 200, ya yi allurar gyara, wato ƙarin NovoRapid don sauke shi, da magariba ya sake faɗuwa. Ni a ganina ƙa'idar 1 ga 10 ce ta daina aiki. Me kuka gani?

Sista_Rabi:
Wa alaikumus salam Malam. Ƙa'idar abincin tana da nata laifin, amma ba daga nan ake farawa ba. Dubi darenka: daga 130 zuwa 62, faɗuwar maki 68 ke nan cikin awa biyar ba abinci. Insulin mai dogon zango aikinsa riƙe suga a wuri ɗaya, idan ya dace bai kamata suga ya motsa fiye da 30 sama ko ƙasa ba daga kwanciya zuwa wayewar gari. Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da mutum yake cin tuwo da dare, Lantus ɗin da ta yi yawa tana ɓoye a bayan tuwon, ita ke share ragowarsa. Da aka janye tuwon sai ta fito fili. A fara rage ta da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, wato daga 22 zuwa tsakanin 18 da 20, a jira kwana uku kafin a sake taɓa ta. Kuma a yi wannan da sanin likitan da ke duba shi.

Kabiru_Famasi:
Sista ta yi daidai, sai dai a tabbatar faɗuwar ta Lantus ce. Ƙarfe nawa ya yi NovoRapid ta cin dare? Tana fara aiki cikin minti 10 zuwa 20, ta kai ganiya tsakanin awa ɗaya da uku, wutsiyarta kuma tana kai awa biyar. Idan ya ci da tara da rabi, ko ya ƙara gyara kafin ya kwanta, tana nan da ranta har ƙarfe biyu. Gwajin da ke raba gardama: ya ci abinci mara maiko sosai da magariba, ya bar awa huɗu tsakanin allurar abinci ta ƙarshe da kwanciya, ya auna da ƙarfe 11, da 2, da 4, da 6. Kada ya yi gwajin a ranar da suga ya riga ya faɗi, ko ranar da ya yi aikin ƙarfi, ko yana zazzaɓi. Idan ya sauka ƙasa da 70 a tsakiya, gwaji ya ƙare, ya sha suga, ya riga ya sami amsarsa.

Dan_Damagaram:
Ku riƙa faɗar ma'auni don Allah. Mu nan Nijar takardun asibiti g/L suke rubutawa. 70 ɗinku shi ne 0,70 namu, 180 kuma 1,80. Masu mitar mmol/L su raba da 18: 70 ya zama 3.9, 180 ya zama 10.

Abu_Fadila:
Na gode Ɗan Damagaram, duk alƙaluman da na kawo mg/dL ne. Malam Kabiru, a ɗauka cin dare ƙarfe bakwai da rabi ne, ba gyara bayansa. To shi 185 na safe fa? Ba martanin faɗuwar dare ba ne?

Likitan_Unguwa:
Wannan tsohuwar magana ce da ake jingina wa wani masani mai suna Somogyi, cewa faɗuwar dare ita ke jawo hawan safe. Tun da aka sami sensa, na'urar da ake manna wa jiki tana auna suga dare da rana, an ga ba haka abin yake ba a yawancin lokuta. Wanda ya faɗi da dare, sau da yawa da ƙaramin suga yake tashi, sai fa in ya farka ya cika ciki da abin zaƙi. Hawan da ke farawa wajen ƙarfe 3 zuwa 8 na safe daga sinadaran jiki ne, kotizol da sinadarin girma, suna sa hanta ta saki suga don shirya mutum ya tashi. Akwai kuma wani ƙarin da ke zuwa da zarar an sa ƙafa a ƙasa an fara zirga-zirga, shi ya sa za ka ga 120 kafin sallar asuba, 185 bayan hantsi ya fara. Kuskuren da ake yi shi ne a ga 185 a ƙara Lantus. An gudu ba a tsira ba ke nan, don faɗuwar ƙarfe 3 za ta ƙara zurfi. Abin da ya fi dacewa shi ne ƙaramar allura mai saurin aiki da tashi, rabin yunit ko ɗaya, bayan an auna an ga alamar ta maimaitu kwana uku ko huɗu a jere. Wasu kuma ana mayar musu da Lantus safe, ko a raba ta biyu.

Maman_Ilham:
Rabin yunit da wane biron allura Likita? SoloStar da FlexPen ɗaya-ɗaya suke tafiya.

Kabiru_Famasi:
Hajiya, NovoPen Echo tana ba da rabi, da kwalbar Penfill ake ɗura mata. Ɓangaren Humalog kuma, wata insulin mai saurin aiki, akwai Junior KwikPen. Ga mai ƙarancin sitaci rabin yunit ba ƙaramin abu ba ne. Idan yunit ɗaya yana sauke shi 50, to tsakanin 1 da 2 akwai tazarar da za ta iya kai shi daga 110 zuwa 60.

Injiniya_Sani:
Mu dawo kan abincin rana, a nan lissafin Malam Abu_Fadila yake da gaskiya. Faɗuwa bayan awa ɗaya, hawa bayan awa huɗu, alama ce ta cewa allura ta riga abinci isowa. Kabeji da tumatir da albasa, da ɗan ƙuli-ƙulin da ke jikin tsire, duka ba su wuce giram 15 ba, kuma maiƙon nama yana rage saurin fitar abinci daga ciki. NovoRapid ta zo ta tarar ba kowa, ta ja suga ƙasa. Can bayan awa uku zuwa biyar furotin ya fara nasa aikin, ita kuma ta riga ta tattara.

Akwai lissafin da aka fito da shi a birnin Waso na ƙasar Folan. Kowane kalori 100 da ya fito daga kitse da furotin ana ɗaukarsa kamar giram 10 na kabohaidiret. Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, na kitse 9. Tsire giram 200 yana da furotin wajen giram 50, kalori 200 ke nan. A ce kitse giram 25, kalori 225. Jimilla 425, wajen kaso huɗu na kalori 100, daidai da giram 40, wato yunit 4 a ƙa'idar 1 ga 10. Amma ba a zuba shi lokaci ɗaya: kaso ɗaya ana shimfiɗa shi a awa uku, biyu a awa huɗu, uku a awa biyar, fiye da haka awa takwas. Don masu famfon insulin, na'urar da ke tura insulin kaɗan-kaɗan cikin jiki, aka tsara shi.

Sista_Rabi:
Injiniya, a ƙara da cewa wannan lissafi yana yawan wuce gona da iri, an san shi da jawo faɗuwa. Duk mai son gwadawa ya fara da rabin abin da ya fito, yunit 2 maimakon 4. Mai biro kuma ya raba: na ganye da albasa ya yi shi daidai lokacin da zai fara ci, ba minti 20 kafin ba, na nama kuma bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Ya maimaita abinci iri ɗaya, awo ɗaya, sau uku, yana aunawa a awa 1, 3 da 5. Sikelin kicin ya fi ido. "Tsiren dubu biyu" ba ma'auni ba ne, na yau daban na gobe daban.

Bello_Kumasi:
Hanya mafi sauƙi ai ita ce a ɗauki rabin furotin a matsayin kabohaidiret, tunda rabinsa ke komawa suga. Giram 50 ya zama 25, yunit biyu da rabi, shi ke nan.

Likitan_Unguwa:
Malam Bello, alƙalamin da ka samu yana kusa, amma dalilin ba haka yake ba. Ba wai rabin naman ke narkewa ya zama suga kai tsaye ba. Furotin yana tayar da wani sinadarin jiki mai suna gulukagon, shi kuma ya umarci hanta ta saki suga. Mai lafiya jikinsa yana sakin insulin a lokaci guda ya daidaita, mai nau'i na ɗaya ba shi da wannan. Shi ya sa amsar take bambanta sosai tsakanin mutane, wani kashi 30 ya ishe shi, wani sai 50. Binciken da aka yi a Ostireliya ya nuna furotin shi kaɗai, ba tare da sitaci ba, sai ya kai wajen giram 75 kafin ya ɗaga suga sosai, kuma hawan tsakanin awa uku da biyar yake bayyana. Idan an haɗa shi da ɗan kabohaidiret kuwa, ƙasa da haka ma yana tasiri. Saboda haka ƙwai biyu, furotin giram 12, ba lallai su buƙaci komai ba da rana, amma da safe, lokacin da jiki ya fi taurin kai ga insulin, suna iya buƙata.

Kabiru_Famasi:
Akwai wata dabara da ake mantawa da ita saboda ana ganin tsohon yayi ce: insulin ɗin abinci irin Actrapid ko Humulin R. Tana farawa bayan rabin awa, ganiyarta awa biyu zuwa huɗu, tana kai awa shida zuwa takwas. Ga mai cin shinkafa jinkirinta aibi ne, ga mai cin nama da ganye kuwa tafiyarta ta fi dacewa da tafiyar abincin, allura ɗaya maimakon biyu. Marigayi Likita Richard Bernstein na Amurka, mai tsarin giram 30 a rana, 6 da safe, 12 da rana, 12 da dare, ita ya riƙa ba da shawara don abinci. Ga ta da araha kuma. Haɗarinta doguwar wutsiya: wanda ya yi ta da ƙarfe takwas na dare tana tare da shi har tsakar dare da wani abu, ta haɗu da Lantus.

Hajiya_Turai:
Duk kuna maganar Lantus da NovoRapid, alhali mutanenmu da yawa Mixtard 30 suke yi safe da yamma. Su fa?

Sista_Rabi:
Hajiya, kin taɓo inda ya fi haɗari. Mixtard 30 a haɗe take, kashi 30 mai gajeren zango, kashi 70 mai matsakaici. Wanda ya yi yunit 20 da safe ya sa wa kansa 6 na karin kumallo da 14 da za su kai ganiya wajen azahar, suna jiran abincin rana mai sitaci. Ba yadda za a rage ɗaya a bar ɗaya. Idan ya ci ƙwai da safe, kwaɗon zogale da rana, faɗuwa biyu ke jiransa. Mai Mixtard ko NovoMix kada ya yanke sitaci da kansa. Ko dai likita ya raba masa allurar, ta dogon zango daban ta abinci daban, ko ya rage sitacin kaɗan-kaɗan, misali malmala ɗaya maimakon biyu, ana rage allura tare da aunawa sau huɗu a rana aƙalla.

Masu nau'i na biyu da ke haɗawa da ƙwayoyi su ma su lura. Daonil, Diamicron da Amaryl suna matsa wa jiki ya fitar da insulin ko an ci ko ba a ci ba, su ake fara ragewa ko dakatarwa a ranar da aka fara tsarin. Metformin ita kaɗai ba ta cika faɗar da suga ba.

Likitan_Unguwa:
Na ƙara ɗaya a kan na Sista: ƙwayoyin Jardiance da Forxiga da danginsu. Haɗa su da ƙarancin sitaci ƙwarai yana iya jefa mutum cikin gubar kiton, sinadarin da ke taruwa a jini idan jiki yana ƙona kitse maimakon suga, alhali suga yana 150 ko 180, mita ba ta nuna wani abin tsoro. Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, kasala, to asibiti kai tsaye, kada a tsaya kallon mita.

Kuma ga masu nau'i na ɗaya, rage Lantus da muke faɗa ragewa ce, ba dainawa ba. Ko ba a ci komai ba jiki yana buƙatarta. A tanadi tsinken gwajin kiton na jini. Kiton ƙasa da 0.6 mmol/L ba komai. Mai ƙarancin sitaci zai iya ganin 0.5 zuwa 1.5 yana lafiya lau, suga daidai. Amma kiton sama da 1.5 tare da suga sama da 250, ko tare da amai, wannan ƙarancin insulin ne, a nemi likita nan take. Sama da 3 gaggawa ce ko yaya suga yake.

Ummu_Sudais:
Tambaya a gefe: wake yana cikin masu ƙarancin sitaci? Wasu suna cewa a ci alala da ƙosai yadda aka ga dama.

Mai_Sikeli:
A'a Anti. Dafaffen wake giram 100 yana da kabohaidiret wajen giram 20, dafaffiyar farar shinkafa kuma 28. Bambancin shi ne na wake a hankali yake shiga. Alala biyu sun kusa cinye kason yini na mai giram 50. Ɗanwake ya fi, don ana haɗa shi da garin rogo ko fulawa. Awara ce mai ƙaranci da gaske. Abubuwan da ke shigowa ta bayan gida su ne albasa, giram 9 a cikin 100, kabewar miyar taushe, kindirmo wajen giram 5 a kowane mililita 100 ko ba a sa sukari ba, aya, da kilishi, wanda wasu masu yi suke sa wa sukari ko dabino a laɓu. Gyaɗa kuma ba ta da yawa, amma ba wanda ke tsayawa a cikin hannu ɗaya. Sai takardar jikin kaya: na Amurka suna haɗa fayiba, ɓangaren da jiki ba ya narkarwa, cikin jimillar kabohaidiret, sai ka cire, na Turai sun riga sun cire, in ka sake cirewa ka yi wa kanka ƙwange.

Injiniya_Sani:
Ba a taɓo maganar faɗuwar magariba ba, ita ma tana cikin tambayar farko. Ƙa'idar da aka saba ta allurar gyara ita ce a raba 1800 da jimillar insulin na yini. Da can 22 da 25 sun ba da 47, yunit ɗaya yana sauke wajen 38. Yanzu jimilla ta dawo wajen 30, lissafi ya ba da 60. Idan har yanzu da 38 yake aiki, daga 200 zuwa 110 zai yi yunit biyu da ɗori, alhali ɗaya da rabi ya isa. Ga kuma ragowar ta abincin rana da ba ta gama ba. Kada a yi gyara kafin awa huɗu da allurar baya, in kuwa dole ne, a cire abin da ya saura a jiki, a ƙiyasce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarewa duk awa.

Ita kuwa ƙa'idar 500 ta abinci, inda ake raba 500 da jimillar insulin na yini, a ajiye ta gefe. 500 a raba da 30 zai ce yunit 1 ga wajen giram 17, alhali masu ƙarancin sitaci galibi ƙarin insulin suke buƙata a kan kowane giram, ba ragi ba. An gina ƙa'idar ne a kan masu cin abinci irin na kowa.

Maman_Ilham:
Shi ma maganin faɗuwar yana jawo hawa. Mutum ya ga 65 ya shanye kwalbar lemo gaba ɗaya, giram 35 ko fiye, ya tashi a 220, ya sake allura. Ƙa'ida giram 15 ce, a jira minti 15 a sake aunawa: ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko mililita 150 na lemo mai sukari. Ga mai kilo 60 zuwa 70 giram ɗaya yana ɗaga wajen 4 zuwa 5, don haka in 65 ne kuma ba allura mai aiki a jiki, giram 8 zuwa 10 na iya isa. In ƙasa da 54 ne ko akwai allura a jiki, a sha 15 cif, kada a yi rowa. Cakulan da gyaɗa da madara ba sa sauri, maiƙonsu ke riƙe su. Kuma kada wani ya ƙi shan sukari wai yana kare tsarin abincinsa.

Likitan_Unguwa:
Iyalin gida su san wannan ma: allurar gulukagon ta ceto daga ajiyar suga ta hanta take ciro abin da take ɗagawa. An gwada a Denmak, bayan mako ɗaya na ƙarancin sitaci tasirinta ya ragu. A yi ta idan mutum ya suma, a kwantar da shi ta gefe, ba a ɗura masa komai a baki, amma a kama hanyar asibiti, kada a zauna jiran ta yi aiki.

Dan_Damagaram:
Kafin a ɗora wa lissafi laifi duka a duba insulin ɗin kanta. Wadda aka buɗe kwana 28 take yi a ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna wuce 40. Wadda zafi ya taɓa ba ta mutuwa gaba ɗaya, rauni take yi, yau ta yi aiki gobe ta gaza. Inda ba wuta, a sa ta a roba mai murfi a ajiye cikin tukunya biyu da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa inda iska ke bi. A firij kuma tsakanin 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara, wadda ta daskare ta tashi aiki.

Kabiru_Famasi:
Haka ne. Da wurin allura: a shafa ciki da cinya, in an ji tudu mai tauri ko laushi kamar kitse, a bar wurin na watanni, don shan insulin a nan ba shi da tabbas. Idan an koma sabon wuri a sa ido, tana iya yin ƙarfi fiye da yadda aka saba. Tsini mai tsawon milimita 4 ya isa kowa, a fitar da yunit 2 a iska kafin kowace allura, a ƙirga goma kafin a zare. Ga mai yin yunit ɗaya da rabi, ɗigo ɗaya da ya biyo tsini babban kaso ne. Masu sirinji kuma su duba rubutun jiki: insulin U-100, mai yunit 100 a kowane mililita, a sirinjin U-40, na yunit 40, ninki biyu da rabi ne na abin da aka yi niyya.

Bello_Kumasi:
Ni har yanzu ina ganin giram 50 ya yi tsanani. Duk abin da ke ƙasa da 130 a rana ana kiransa ƙarancin sitaci. A giram 90 ko 100 yawancin wannan rigima ta furotin da kiton tana raguwa, mutum kuma yana iya cin abinci da iyalinsa. Yara masu girma, masu juna biyu da masu ciwon ƙoda kuwa bai kamata a sa su a wannan layi ba sam.

Mai_Sikeli:
Kan yara da masu ciki da masu ƙoda ba gardama. Amma ga babba, ƙaramin abinci ƙaramar allura, ƙaramar allura ƙaramin kuskure. Wanda ya yi kuskuren kashi 20 a giram 80 ya ɓata 16, a giram 15 kuwa 3 kacal.

Sista_Rabi:
Masu sensa irin Libre, 62 na ƙarfe 3 ɗin nan a tabbatar da shi da jinin yatsa. Kwanciya a kan hannun da sensar take yana nuna faɗuwar ƙarya, layin ya nutse kwatsam ya dawo da an juya. Kada a rage Lantus saboda matashin kai.

Abu_Fadila:
Allah ya saka da alheri. A misalin nan da jinin yatsa aka auna. Abin da ban gamsu ba tukuna shi ne, in an rage Lantus zuwa 19 dare ya gyaru, amma suga ya fara hawa da yamma kafin allura ta gaba, raba ta biyu za a yi ko a koma Tresiba, wata insulin mai dogon zango?

Kabiru_Famasi:
Ya danganta da abin da gwajin yamma ya nuna, don hawan la'asar ɗin nan har yanzu ba mu raba shi da tsire ba. A tsallake abincin rana kwana biyu a auna duk awa biyu daga azahar zuwa isha. In ya hau ba abinci, Lantus ce ba ta kai awa 24, a raba. Tresiba ta fi shimfiɗa, tana wuce awa 42, amma duk canjin da aka yi mata sai an jira kwana uku zuwa huɗu kafin a ga inda ta tsaya, kuma ba a iya sassauta ta don dare ɗaya bayan an yini ana aikin ƙarfi. Wane irin aiki mutumin yake yi da rana?